Ina barin abinci awa 16 amma tumbina ya ƙi sauka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zaune a Ɗorayi, shekarata 41. Tsawona mita 1.72, nauyina kilo 96, tela ya auna cikina ya ce inci 41. Wata biyu ke nan ina bin tsarin nan na barin abinci awa 16 da na gani a waya, ba na cin komai sai ƙarfe 2 na rana. Makonni biyun farko na sauko daga kilo 99 zuwa 96, daga nan sikeli ya tsaya cik. Kullum da hantsi kaina yana ciwo har sai na sha magani. Da rana ina cin garau-garau da lemo, da dare tuwo bayan isha'i, wani lokaci in fita majalisa a sha shayi a ci Indomie har wajen sha biyu. Mahaifina yana da ciwon suga. Ina azumin Litinin da Alhamis. Wani aboki ya ce in sayi shayin rage tumbi da bel ɗin ɗaure ciki. Don Allah mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya ba mahaifinka sauƙi.

Agogo ba ya narkar da kitse. Amfanin wannan tsari guda ɗaya ne: yana rufe wa mutum wasu ƙofofin ci, sai jimillar abin da ya shiga cikinsa a yini ta ragu ba tare da ya zauna lissafi ba. In abin da ake ci a cikin awa takwas ɗin ya kai abin da jiki yake ƙonawa, nauyi ba zai motsa ba ko da an cika awa 16 ɗin cif. An gwada wannan a ƙasar Sin, aka fitar da sakamakon a 2022. Mutum 139 aka raba gida biyu, duka aka rage musu yawan abinci daidai wa daida, rabi aka ce su ci tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma kawai, rabi su ci lokacin da suka ga dama. Bayan shekara guda duka ɓangarorin sun rage nauyi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Rage abincin ne ya yi aikin.

Kai kuma ka rufe ƙofar safe, wadda dama ba ta nan ɓarnar take shigowa ba, ka bar ta dare a buɗe. Ranar da ka ci Indomie sha biyun dare ka karya ƙarfe biyu na rana, awa 14 ka yi, ba 16 ba, kuma yunwar da ka tara tun safe ita ce take sa hannunka ya yi nauyi a kan kwano. An gudu ba a tsira ba.

Kilo ukun da ka gani da farko ma yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kusan rabin kilo, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa wajen giram uku. Da mutum ya rage ci, wannan ajiya ake fara taɓawa, ruwan ya fita ta fitsari, sikeli ya sauka da sauri. Kitse ba ya tafiya haka. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Namiji mai nauyinka da shekarunka, mai yini a zaune a shago, yana ƙona wajen 2,400 zuwa 2,500 a rana. In ka sauko da cinka zuwa 1,900 ko 2,000, giɓin 500 ke nan kullum, wato kusan rabin kilo a mako. Wannan ita ce tafiyar da za ka sa rai da ita, wajen kilo biyu a wata, kuma ta isa.

Kafin ka canza komai, ka je a auna maka jini. Wannan ba mu ɗauke shi da wasa ba, saboda mahaifinka da kuma inci 41 ɗin nan. Ma'aunin ƙibarka, in an raba nauyi da tsawo sau tsawo, ya kai 32, kuma daga 30 ake kiran ta ƙiba mai cutarwa. Awon kewayen ciki ya fi wannan faɗin gaskiya: ana so kada ya wuce rabin tsawon mutum, kai ke nan santimita 86, inci 34, kana kan santimita 104. Kitsen da ke cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, shi ne mai jawo suga da hawan jini. Ka je asibitin da ya fi kusa da kai, ko Murtala ko na Malam Aminu Kano, da safe kafin ka ci komai, a auna sukarin jininka da hawan jini. In sukari ya nuna 7.0 (a ma'aunin mmol/L) ko sama, ana zargin ciwon suga, za a sake gwaji a tabbatar. Tsakanin 5.6 da 6.9 bakin gaɓa ne. Hawan jini kuma in yana kai 140 bisa 90 a awo fiye da ɗaya, sai an bi shi. In aka ɗora ka a kan maganin suga, musamman allurar insulin ko ƙwayar glibenclamide, kada ka tsallake abinci sai likitan da ya rubuta maganin ya tsara maka, domin sukari yana iya faɗuwa har mutum ya suma. Haka mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda. Masu juna biyu, masu shayarwa da yaran da ba su kai 18 ba, wannan tsari ba nasu ba ne sam, in akwai mai sha'awar bin sahunka a gida.

Akwai abin ƙarfafa gwiwa a nan. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, wanda ya fito a 2002, ya bi mutanen da sukarinsu ya kai bakin gaɓa. Waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi bakwai na kilo 96 bai kai kilo bakwai ba. Saboda haka zangonka na farko kilo 89 ne, nan da wata uku ko huɗu. Ka manta da zancen sauka ƙasa da haka tukuna.

To, yanzu agogon. Ka ɗaure shi da lokutan salla, ya fi sauƙin riƙewa. Ƙofar dare ita ce ba ta motsi: tuwo tsakanin magariba da isha'i, ƙarfe takwas an wanke hannu an gama. Bayan nan ruwa kawai. Makonni biyun farko ka karya ƙarfe goma na safe, awa 14 ke nan. In jiki ya saba, ciwon kai ya tafi, ka matsa zuwa sha biyu, ya zama 16. In kuma ka ga a kan 14 nauyi yana sauka kuma aikinka a shago yana tafiya lafiya, ka zauna a nan, babu wani lada na musamman a cikin lamba 16. Mun fi son mutum ya riƙe 14 shekara guda da ya riƙe 16 wata ɗaya ya watsar.

Wannan ba azumin ibada ba ne, ana shan ruwa, kuma dole a sha. Ciwon kan da kake yi da hantsi yana iya zuwa daga abu biyu: ƙarancin ruwa, da yanke shayin safe farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba. Ka sha ledar fiya wata ɗaya bayan asuba, wata da isarka kasuwa, ka ci gaba har su kai biyar ko shida a yini, lita biyu da rabi zuwa uku ke nan. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano yake kaiwa 40, ka ƙara. Fitsari ne ma'auni, in ya yi duhu ruwan bai isa ba. Baƙin shayi ba madara ba sukari ba ya karya tsarin. Zuma tana karyawa, cokalinta ɗaya kalori 60 ne da ɗoriya, kada a ruɗe ka da cewa ita magani ce. Maganin ciwon kan nan kuwa ka duba sunansa. In ibuprofen ne ko diclofenac ko irin haɗe-haɗen nan na ciwon jiki, shan su kullum a kan cikin da babu komai hanya ce ta gyambon ciki, kuma suna wahalar da ƙoda. Ka daina. In ciwon kan bai lafa ba bayan mako biyu da gyara ruwa, hawan jini za a fara dubawa.

Abin da ke cikin kwanon shi ne asalin maganar, kuma a nan za mu daɗe.

Fara da lemo. Robar rabin lita tana ɗauke da sukari wajen giram 50, ƙaramin cokalin shayi 12, kalori kusan 200. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba yake sha a yini ya wuce kusan wannan adadi, kuma rabinsa ya fi. Roba ɗaya ta cinye kason yini gaba ɗaya. Mun san yadda Kwari take, baƙo ya zo daga Maraɗi ko Maiduguri sarin atamfa, a aika yaro ya kawo lemo, mai shago ya taya shi sha don kada ya sha shi kaɗai. In hakan ta faru sau biyu a yini, giɓin 500 ɗin nan ya kusa cikewa tun ba a taɓa abinci ba. Ka kawo wa baƙo lemonsa, kai ka riƙe ruwa mai sanyi. Lemon malt ba mafaka ba ne, shi ma sukari ne. Zoɓo da kunun aya na sayarwa haka, sai dai wanda aka yi a gida ba a zuba sukari ba.

Sai mai. Shi ne ɓarawon da ba a gani, don ba ya cika ciki. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Mai abinci in ta ɗaga ludayi a kan garau-garau, cokali uku ko huɗu ne suke sauka, kusan 400 ke nan a kan abin da ko cikarsa ba ka ji ba. Ba sai ka bar garau-garau ba, abinci ne mai kyau in an juya shi: wake ya rinjayi shinkafa, mai cokali ɗaya ka tsaya a zuba a gabanka, a cika gefe da latas da tumatir da albasa da gurji, a ɗora dafaffen ƙwai biyu ko yankan kifi. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kalori 200 ne, farantin kasuwa kuma yakan ɗauki uku. Ɗanwake, gurasa bandashe, waina, ƙosai, awara, duk hukuncinsu ɗaya, man da suka sha ne abin dubawa. In da hali a riƙa haɗo maka abincin rana daga gida a kula, ka huta da jayayya da ludayin wani.

Abu na uku shi ne wanda masu wannan tsari suka fi sakaci da shi: abinci mai gina jiki, wato furotin. Duk mai rage nauyi yana asarar kitse da tsoka tare, sai dai in ya kare tsokar. In ta zube, jiki ya saki, ƙarfi ya ragu, abin da jiki yake ƙonawa a zaune ma ya ragu, ranar da aka koma cin da aka saba kuma kitse ne yake dawowa a gurbinta. Furotin kuma ya fi kowane abinci riƙe ciki. Kana buƙatar giram 100 zuwa 120 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Kofin dafaffen wake wajen 13 zuwa 15. Nama marar kitse ko kaza ko kifi mai girman tafin hannunka, ban da yatsu, giram 25 zuwa 30. Ka ga sai kowane zama ya samu nasa kafin a kai. Ba sai da tsada ba: wake, alale, ƙwai, kindirmo, busasshen kifi, awarar da aka dafa a miya maimakon a soya. Tsire da balangu suna shiga in an cire kitsen kuma ba a haɗa da gurasa da lemo ba.

Yininka zai iya zama kamar haka. Karyawa da wake da ƙwai da ganye kamar yadda muka faɗa, ko alale biyu da kwaɗon zogale wanda ƙuli-ƙulinsa bai yi yawa ba. Bayan la'asar kofin kindirmo ba sukari, da gwaiba ko yalo ko yankan kankana, ko gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya. Ka kula da gyaɗa, giram 100 nata ya haura kalori 550, kuma a shago hannu ba ya sanin ya kai nan. Wannan ɗan cin na la'asar kada ka raina shi, shi ne yake hana ka isa gida da yunwar da ba ta jin magana. Da magariba tuwo malmala ɗaya mai girman dunƙulen hannunka, miya da yawa, kuka ko kuɓewa ko taushe mai ganye, da nama ko kifi. Fura da nono in ka sha to abinci ce, ta maye gurbin zama guda, ba abin korawa ba ce. Kayan ganye a Yankaba da 'ya'yan itace a 'Yan Lemo sun fi sauƙi in an saya na mako.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai uwargida ta shigo ciki. Mace ta sha wahalar tuƙa tuwo, maigida ya ci rabi ya ture, dole ta ji wani abu a ranta in ba ta san dalili ba. Ka zaunar da ita ka gaya mata gaskiya, cewa ciwon Baba kake gudu, ka nuna mata takardar gwajin. Ka roƙi abu uku: a sauke tuwo kafin magariba, a rage girman malmalarka, a riƙa auna man miya da cokali maimakon tuttulawa daga galan. A rage magi da gishiri ma, don gishirin yini bai kamata ya wuce giram 5 ba, ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda yake cikin magin. Gidan gaba ɗaya ne zai amfana.

Majalisa kuma ba mu ce ka bari ba, zumunci ne. Amma Indomie da soyayyen ƙwai da shayi mai kauri cikin sauƙi suke haura kalori 600, a lokacin da jiki ba ya buƙatar komai, sannan a kwanta a kansu ƙwannafi ya taso. Ka je da cikinka a ƙoshe, ka karɓi baƙin shayi marar sukari ko ruwa, ka tashi da wuri. Mai kwanciya sha biyu da rabi ya tashi asuba bai samu awa biyar ba, kuma ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari. Ka nemi awa bakwai, ko da sai an cike da ƙailula.

Ranakun Litinin da Alhamis ka ajiye lissafin awa, ka yi azuminka yadda addini ya tsara, da sahur ɗinsa. Sahur ya zama mai riƙe ciki, ƙwai ko wake ko kindirmo da ruwa sosai. Buɗa-baki dabino uku da ruwa, a yi salla, a ci abincin dare irin na kullum. Inda ake faɗuwa shi ne a ɗauki buɗa-bakin nafila kamar na Ramadan, kunu da ƙosai da soyayyen dankali sannan tuwo. Kada ka haɗa azumi da barin sahur don neman ƙarin awanni, a zafin garin nan ba ruwa wannan ganganci ne.

Motsa jiki kashi biyu ne, kuma kowanne da aikinsa. Tafiya tana kare zuciya tana taimakon sukari, amma kada ka ɗora mata abin da ba za ta iya ba: tafiyar minti 40 da sauri ga mai nauyinka tana ƙona kalori 200 da wani abu, kwatankwacin robar lemo guda. Ba a gyara ɓarnar kwano da ƙafa. Ka fara da minti 20 bayan sallar asuba, kwana biyar a mako, kana ƙara minti biyar duk mako har ka kai 40 ko 45. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya magana amma numfashi ba zai bar ka ka ja dogon karatu ba. Hakan zai kai ka minti 200 a mako, cikin 150 zuwa 300 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta. Daga Ɗorayi gefen tsohuwar jami'ar Bayero bai yi maka nisa ba. Ranar da safiya ta ƙwace, ka sauka daga adaidaita sahu a Ƙofar Mata ka ƙarasa kasuwa da ƙafa. Kada ka fara da gudu, a kilo 96 gwiwa da diddige ne za su biya. Ka sa kambas mai laushin ƙasa, ba silifas ba. Lokacin hazo ka sa takunkumi ko ka jira ƙura ta lafa. In ka yi wata biyu ƙafa ta yi ƙwari, hawa matakalar Dutsen Dala sau ɗaya a mako zai ƙara maka abin da tafiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta bayarwa. Wata dabara mai araha: tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci tana rage hawan sukari a jini, don haka bayan tuwo ka tafi isha'i masallacin da ya ɗan fi nisa.

Kashi na biyu shi ne aikin ƙarfi, wanda yake gaya wa jiki ya bar tsoka ya ci kitse. Ba ka buƙatar gidan motsa jiki. Kujera, dakali da jarkoki biyu na lita biyar sun isa, kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Kwana uku a mako da hutu a tsakani, misali Lahadi, Talata da Juma'a, don su kauce wa ranakun azuminka, minti 25 kacal.

Na farko zama da tashi: ka tsaya gaban kujera, ƙafafu a buɗe daidai kafaɗa, ka tura ƙugu baya ka sauka a hankali har ka taɓa kujerar, ka miƙe ba tare da dafa gwiwa ba. Duga-dugai kada su ɗaga, gwiwoyi kada su karkato ciki. Na biyu tura jiki da hannu: ka dafa bango, jiki a miƙe kamar sanda, ka kai ƙirji kusa ka tura baya. In ya yi sauƙi ka koma dafa dakali, daga baya ƙasa. Na uku jan jarka: hannu ɗaya a kan kujera, baya a shimfiɗe ba a gantsare ko a ƙudundune ba, ka ja jarkar zuwa haƙarƙari ka sauke a hankali. Na huɗu hawa dakali ko matakala da ƙafa ɗaya, ka sauko, ka gama adadin kafin ka canza ƙafa. Kowanne sau 10 zuwa 12, zagaye uku, hutun minti ɗaya a tsakani, amma makon farko zagaye biyu ya isa. Ka rufe da ɗaukar jarkokin biyu ka yi taku 40 kafaɗu a miƙe, sau uku. Ranar da 12 ta zo da sauƙi a duk zagayen, lokacin ƙara nauyi ya yi: ka rungumi jarka a zama da tashi, ko ka koma ta lita goma. In ba a ƙarawa, jiki yana sabawa ya daina amsawa. Kada ka riƙe numfashi lokacin ɗagawa, yana harba jini sama, ka fitar da iska a daidai wurin wahalar. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku a farko ba komai ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa kuwa alama ce ta a tsaya.

Ba mu sa maka motsin lanƙwasa ciki ɗari-ɗari ba da gangan. Yana ƙarfafa tsokar da ke ƙarƙashin teɓa, amma ba ya zaɓar kitsen wurin ya ƙona. Jiki yana ɗiban kitse daga ko'ina, kuma a wurin maza na ciki yana cikin masu saurin amsawa in nauyi ya fara sauka.

Shawarar abokinka kuwa, ka riƙe kuɗinka. Bel zufa yake jawowa, ka sha ruwa ta dawo. Da yawan shayin rage tumbi ganyen filasko ne ko makamancinsa a ciki, ko abin sa fitsari. Gudawa suke sawa, ciki ya lafe na yini ɗaya, ruwa da gishirin jiki su zube, hanji ya saba har ya kasa aiki sai da su. Wanda ba a rubuta abin da ke cikinsa ba kuma babu lambar NAFDAC, ba ka san me kake ɗura wa hantarka da ƙodarka ba. Ruwan ɗumi da lemon tsami ma ba ya narkar da komai, yawansa enamel, wato farin rufin haƙori mai tauri, yake ci.

Wajen awo, kada ka hau sikeli kullum ka tayar da hankalinka, nauyi yana iya hawa ko sauka da kilo ɗaya a yini saboda gishiri da ruwa da abin da ke hanji. Sau uku a mako, da safe bayan ka zaga, kafin ka sha komai, a sikeli ɗaya, ka rubuta, ka kwatanta matsakaicin wannan mako da na wancan. Ciki kuma duk mako biyu da tef ɗin tela, daidai cibiya, bayan ka saki numfashi, ba tare da shanye ciki ba. Wani lokaci sikeli zai tsaya amma inci ya ragu, musamman da ka fara aikin ƙarfi, wannan ci gaba ne. In duka biyun suka tsaya mako uku a jere, kada ka ƙara awannin yunwa. Ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana uku, har da na ɗaurin aure da walima da ɗanɗanen shago, za ka ga inda ya ɓuya. In babu, ka rage kwatan tuwo ko shinkafa, ka ƙara tafiyar minti 15. Kuma kada ka nemi fiye da kilo ɗaya a mako, saurin zubewa yana cin tsoka yana kuma jawo tsakuwa a matsarmama.

In bayan gida ya yi tauri, ganye da wake da ruwa ne suka yi kaɗan. In kuwa ka ji karkarwa da zufa mai sanyi da ruɗewa, ka sha abu mai zaƙi nan take ko da lokacin ci bai yi ba, sannan a auna sukarinka. Ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi a kan tafiya, jiri har ka kusa faɗuwa, ko baƙin bayan gida kamar kwalta, waɗannan ba na jira ba ne, asibiti za ka nufa a ranar. Bayan wata uku ka koma a maimaita gwajin sukari da hawan jini, ka tafi da takardar farko don likita ya ɗora su gefe da gefe.